Ayarin Mutum 18 Zuwa Kenya: Wurare Biyar Ko Wurare Uku?

Wata Hajiya daga Gwarinpa a Abuja, shugabar asusun taimakon juna na malaman wata makaranta, ta aiko da wannan tambaya: "Mu 18 ne, maza da mata, har da dattawa biyu. Shekara biyu ke nan muna tara kuɗi don mu je yawon buɗe ido Kenya a hutun Agusta. Muna so mu ga namun daji, mu ga tsaunuka da tafkuna, mu kuma zaga birni. Wani kamfani ya ce zai kai mu wurare biyar cikin kwana bakwai: Nairobi, Masai Mara, Nakuru, Amboseli da Mombasa. Wani kuma wurare uku kacal, Nairobi da Mara da Naivasha, kuma kuɗinsa ya fi yawa. Mutanena sun karkata ga na farkon. Wanne ya kamata mu ɗauka?"

Hajiya, ranki ya daɗe, ku ɗauki na biyun. Na san zai yi miki wuya ki tsaya gaban mutanen da suka yi shekara biyu suna zubi ki ce musu a biya kuɗi da yawa a ga wurare kaɗan, don haka bari in ba ki hujjar da za ki riƙe. Na daɗe ina jagorantar irin wannan ayari daga nan Jos, tun muna zuwa Yankari a motar haya har muka fara ƙetarawa Gabashin Afirka. In aka miƙo mini takardar tallar tafiya, ba na fara duba sunayen wurare. Darare nake ƙirgawa: dare nawa za a kwana a kowane zango, kuma awa nawa ke tsakanin wannan zango da na gaba.

Mu yi wa tsarin farko wannan lissafi. Kwana bakwai dare shida ne. Daga Nairobi zuwa Masai Mara awa biyar zuwa shida ne a mota, ta garin Narok. Daga Mara zuwa Nakuru wasu awa biyar ko shida. Daga Nakuru zuwa Amboseli sai an dawo an ratsa ta gefen Nairobi, ki sa awa shida zuwa bakwai, in cunkoso bai tare ku ba. Daga Amboseli zuwa Mombasa kuma kusan yini guda ne, a kan hanyar da manyan motocin dakon kaya suka cika. Ki haɗa, za ki sami wajen awa 25 a zaune cikin mota, kamar a ce ki yi tafiyar Abuja zuwa Jos sau biyar cikin mako ɗaya. Wannan ban sa gajiyar jirgi ba, don daga Abuja yawanci sai an ya da zango a Adis Ababa ko a bi ta Legas, kuma agogon Kenya ya riga namu da awa biyu, wato asubarsu tsakar darenku ce a kwanakin farko.

Gajiya ma da sauƙi. Babbar asarar ita ce lokacin da za ku riƙa isa kowane gandu. Namun daji suna da lokacinsu, ba su san da jadawalin kamfani ba. Zaki da damisa da kura da dare suke farauta, sai kuma ɗan tsakanin hudowar rana da hantsi, su sake motsawa bayan la'asar. Da rana ta take, zaki ya shige ƙarƙashin kurmi ya miƙe, abin da za ki gani bai wuce jela tana korar ƙuda ba. Wanda ya baro Nairobi da safe zai isa ƙofar Mara ne da azahar, ya ci abinci, a ɗan zaga da shi awa biyu da yamma, washegari tun da sassafe a ɗaure kaya a kama hanyar Nakuru. Ya je Mara, gaskiya ne, har da hoto a bakin ƙofa. Amma safiyar Mara, wadda ita ce abin da aka biya kuɗin dominsa, a kan titi ta same shi.

Bari in gaya miki yadda safiyar take. Ƙarfe biyar da rabi an yi sallah, an sha shayi mai citta a tsaye, kowa ya ƙudundune cikin suwaita da mayafi. Ƙarfe shida direba ya ɗaga rufin motar, aka shiga. Ciyawa jiƙe da raɓa, hazo kwance a kwari, sai ki ga kawunan raƙuman dawa sun ɓullo ta saman bishiyoyi tun kafin a ga jikinsu. Wata safiya direbanmu ya kashe mota a wani fili da ni ban ga komai ba. Ya ce mu dubi barewar nan, ba ta kiwo, duk sun miƙe wuya suna kallon wuri ɗaya. Muka yi tsit kusan minti ashirin. Can sai ga zakanya ta taso daga cikin ciyawa, bakinta jajir da jini, 'ya'ya uku na bin ta suna tuntuɓe. Ta ratsa ta gaban motar har muna jin numfashinta. Wata dattijuwa da ke kujerar gaba ta kama tasbihi a hankali, hawaye na zubo mata. Waɗannan minti ashirin ɗin su ne tsarin wurare biyar ba zai ba ku ba, domin direbansa agogo yake kallo.

Ba da ka nake faɗa ba, na taɓa ɗanɗanawa. A farkon fara wannan aiki na amince da wani kamfani da ya tsara mana irin wannan tafiya mai zango da yawa, saboda araharsa. A rana ta huɗu ƙafafun wani Alhaji mai ciwon suga suka kumbura don zama, ya kasa sa takalmi. Masaukin da aka ce yana "Mara" ashe yana can nesa da ƙofar gandun, kuma kuɗin shiga na yini ɗaya kawai aka biya. Mutane suka dawo gida da ɓacin rai, wasu har yau ba su sake yarda da tafiyar ayari ba, kuma abin yana damuna duk lokacin da na tuna. Araha ba ta ado.

Kuɗin shigar nan shi ne inda bambancin farashin yake ɓuya. A 2024 hukumar yankin Narok ta sa wa baƙo babba daga ƙasar waje dala 100 a yini daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Ku da za ku je a Agusta, mai tsadar ne zai hau kanku. Kamfanin da zai kwanar da ku dare uku a Mara dole kuɗinsa ya fi na mai dare ɗaya, ba cuta ba ce. Ki sa kowane kamfani ya rubuta miki yini nawa na shiga gandu ke cikin kuɗin, da sunan masaukin, da ko yana cikin gandun ko a waje. In a waje yake, wace ƙofa ce kusa da shi: Sekenani, Talek ko Oloolaimutia? Masaukin waje ba laifi ba ne, ya fi sauƙin kuɗi, muddin bai wuce tafiyar 'yan mintuna zuwa ƙofa ba.

Agusta kuwa kun zaɓi lokaci mai kyau. Tsakanin Yuli da Oktoba ne garken wata dabba mai ƙirar sa da gemu, wadda masu jin Sawahili ke kira nyumbu, ke ƙetarowa daga Serengeti ta Tanzaniya zuwa Mara don neman ɗanyar ciyawa. Sun haura miliyan ɗaya, ga jakunan dawa rututu a cikinsu. Za ku gan su har iyakar ganin ido, in sha Allahu. Amma hoton nan da ake sawa a talla, na garke yana afkawa kogin Mara kadoji na jira, kada wani ya yi muku alkawarinsa. Garke na iya taruwa a bakin gaɓa tun safe, ya yi ta kai da kawowa, la'asar ta yi ya juya ya koma. Na taɓa zama awa huɗu ban ga an tsallaka ba. Mai dare uku yana da damar sake gwadawa gobe.

Haka ma sauran hotunan. Tafkin Nakuru ya yi suna da tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da ja-ja a jiki, waɗanda a dā suke rufe bakin ruwan. Sama da shekara goma ke nan ruwan tafkin ya ƙaru, gishirinsa ya ragu, abincinsu ya yi ƙaranci, da yawansu suka koma tafkin Bogoria. Har yanzu Nakuru wurin ganin karkanda ne, amma ba lallai ku sami tafkin cikin hoto ba. Dutsen Kilimanjaro da ake hangowa daga Amboseli, mai tsawon mita 5,895, yana cikin Tanzaniya ne, kuma yawancin yini gajimare ke rufe shi, sai da sanyin safiya ko gab da magariba yakan buɗe. Wanda ya kwana ɗaya zai iya tafiya bai gan shi ba.

Ɓangaren tsaunuka da tafkuna ba za ku rasa shi a tsari na biyu ba. Da kun bar Nairobi da kamar awa guda, hanya za ta kai ku bakin babban kwarin da ya tsaga Gabashin Afirka. In kin san yadda ƙasa ke buɗewa a ƙasan mutum in ya tsaya a saman Hawan Kibo, to ki ninka shi sau da yawa, ga dutsen Longonot tsaye a tsakiya. Naivasha tana cikin kwarin, tafkin ruwan daɗi ne, ana shiga kwalekwale a ga dorina da mikiya mai kamun kifi. Akwai wani tsibiri a wurin, Crescent, inda ake sauka a taka da ƙafa tsakanin jakunan dawa da raƙuman dawa, tare da ɗan rakiya. Bayan kwana uku ana zaune cikin mota, wannan tattakin magani ne ga dattawanku. Kowa ya sa rigar ruwa a kwalekwalen, kuma kada a bar matuƙi ya matsa kusa da dorina don neman hoto. Dorina ba abar wasa ba ce.

Nairobi ta cancanci dare biyu. Birni ne da gandun daji ke manne da shi, an kafa gandun tun 1946, faɗinsa murabba'in kilomita 117, har mutum kan ga karkanda na kiwo ga dogayen benaye a bayanta. A cikinsa akwai wurin da Shugaba Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a 1989, aka sake ƙona tan 105 a 2016. Nakan tsayar da ayarina a gaban tulin tokar nan in yi musu bayani, domin mu ma giwayen Yankari 'yan kaɗan suka rage, kuma masu farautar haure na cikin abin da ya cinye su. Ki gargaɗi mutanenki, kada kowa ya sayi wani abu da aka yi da haure ko fatar naman daji da sunan tsaraba, laifi ne babba a can. In tafiyar ta haɗa da Juma'a, ku yi ta a Masallacin Jamia da ke tsakiyar birni. Ku hau saman ginin KICC, babbar cibiyar taro ta Kenyatta, ku hangi garin, ku shiga gidan tarihi na ƙasa, ku ci abincin Somaliyawa a unguwar Eastleigh. A riƙe waya da kyau a titi, kada a zuge gilashi a cunkoso ana danna ta. Sanyi kuma na gaske ne, don Nairobi tana kan tudu wajen mita 1,800, Jos ɗinmu da ake kuka da sanyinta wajen 1,200 ce, kuma Yuli da Agusta su ne watannin sanyinsu. Mutanen Abuja sukan zo da kayan shan iska, su kwana suna rawar ɗari.

In zuciyar jama'arki ta nace sai sun ga teku, a ƙara dare biyu a kan kwana bakwan, a hau jirgin ƙasa na Madaraka da ya fara aiki a 2017. Awa biyar zuwa shida ne daga Nairobi zuwa Mombasa, yana ratsa dajin Tsavo, wani lokaci har a hango giwaye ta taga. Can za ku ga ganuwar Fort Jesus da Turawan Fotugal suka fara ginawa a 1593, da tsohon gari mai lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa, ga kiran sallah ta ko'ina. In kuɗin bai kai ba, a bar Mombasa sai wata shekarar.

Yanzu maganar mutane, wadda ta fi maganar wurare wuya. Fataken dā da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa tashi sai da madugu, uban tafiya, da kuma jagaba wanda ya san hanya da mashaya. Ayarinku ma haka yake. Ke ce madugu, Hajiya. Jagaba kuwa shi ne direban da zai shiga da ku daji, kuma rabin daɗin tafiyar a hannunsa yake. Akwai mai bin oba-oba kawai, in ya ji an ce ga damisa can sai ya taka mota ya je ya tarar da motoci talatin sun kewaye ta. Akwai kuma mai karanta sawu, da kukan tsuntsu, da inda ungulu ke shawagi. Ki tambaya ko direbobin suna da shaidar ƙungiyar jagororin safari ta Kenya, KPSGA, wadda ke da matakin tagulla da azurfa da zinariya. Mutum 18 motoci uku ne ƙirar Land Cruiser, shida-shida, kowa da tagarsa. Duk wanda ya ce zai cusa ku a biyu, ki ƙi. Kowace mota ta sami madubin hangen nesa ko da biyu ne. Kuma a faɗa wa kowa tun daga gida: ba a sauka daga mota a daji sai inda aka keɓe, ba a ihu, ba a jefa wa dabba abinci. Mai yawan fitsari ya rage shayi da safe.

Wani abu da ke rikita baƙi shi ne agogon Sawahili, wanda ke fara ƙirga daga fitowar rana. In ma'aikacin masauki ya ce "saa moja", wato ƙarfe ɗaya, ƙarfe bakwai na safe yake nufi. Ku riƙa tabbatar da lokaci a rubuce. Ban da wannan, kunnenku zai ji daɗin harshen, don mun sha ruwan Larabci tare: asubuhi safiya ce, sabuni sabulu, Alhamisi Alhamis, ita kanta kalmar safari da safarar da muke cewa tushensu ɗaya.

Sallah ba ta da wuya in an tsara, matafiya ne ku, akwai rangwamen ƙasaru da haɗa salloli, ku tambayi malaminku kafin tashi. Abin da nake so ki tuna shi ne alƙibla. Mu nan mun saba in an ce alƙibla an ce gabas, to a Kenya arewa take. Na sha ganin mutanenmu sun shimfiɗa darduma sun fuskanci mafitar rana bisa sabo. Abinci kuma a sanar da masauki tun da wuri cewa akwai Musulmi, a tambayi inda suke sayen nama. In ba a gamsu ba ga kifi, ga wake, ga capati, ga ugali wanda tuwon masara ne sak, sai dai ba miyar kuka. Ki sa a taho da yaji, abincinsu ba ya jin barkono. Sai dai kada a ƙulla shi a leda, Kenya ta haramta leda tun 2017, a zuba a ƙaramar roba mai murfi. Dattawan biyu su ga likita kafin tafiya, maganinsu ya zauna a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba, kuma a tambayi likitan maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro.

Takardu kuwa ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo ya kasance da sauran wata shida aƙalla. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, kowa ya samu na gaskiya, allurar a jikinsa. Dokar shiga Kenya ta sauya fiye da sau ɗaya tun daga 2024, saboda haka ki duba shafin hukumar shige da ficensu da kanki ana saura wata guda. Kamfanin da za ku ba kuɗi ya nuna rajistar CAC, da ko yana cikin NANTA, ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Najeriya, ya kuma faɗi sunan abokin aikinsa na Kenya, a duba ko yana cikin KATO, ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido ta Kenya. Kuɗi ya shiga asusun kamfani, kashi-kashi, ba asusun wani mutum ba. Tikitin jirgi a duba lambarsa a shafin kamfanin jirgin. A kuma ware tukwicin direbobi da kuɗin ziyarar rugar Masai, don yawanci ba sa cikin farashin.

Shawarata ta ƙarshe ita ce wadda na fi so ki ɗauka. Kafin damina ta faɗi, ki kwaso mutanen nan 18 ku yi gwaji a gida, kwana huɗu. Ku taso daga Abuja da sassafe ta Keffi da Akwanga, ku tsaya a magangarar ruwan Assop, ku hau Hawan Kibo ku ga duwatsun Riyom da suka hau kan juna. A Jos ku shiga gidan tarihin da aka buɗe a 1952 ku ga gumakan yumɓu na Nok. Washegari ku wuce Bauchi, ku karkata a Dindima zuwa Yankari, bayan kun tambayi hukumar gandun halin da hanya ke ciki, kuma ba tafiyar dare. Daga Fabrairu zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, namun daji na gangarowa kogin Gaji shan ruwa, a ga gwanki da gwambaza da ɓauna, in da rabo har giwa. Ku yi wanka a ruwan Wikki mai ɗumi, wanda ba ya sauka daga digiri 31 rani da damina. A kulle ƙofofin ɗaki, gwaggon birin wurin ya iya murɗa hannun ƙofa, kuma ya san jakar da burodi ke ciki.

A kwana huɗun nan za ki gane wanda ke tsayar da mota kullum da safe, da wanda amai ke kamawa a hanya, da waɗanda ba za su iya zama kujera ɗaya ba, da ko gwiwar dattawanki za ta ɗauki awa shida. Da wannan za ki raba motoci ukun Mara. In kun tsayar da rana, ku tabbata kun kwana biyu a sansanin Wikki, kuma ku nemi fita ta farko, ta sassafe.